Daga Madaci zuwa Faiba

Yanzu in ka bi bakin dam ɗin Mairuwa, ko ka gangara Gwaigwaye, ko ka leƙa ƙananan madatsun ruwan da ke warwatse tsakanin Funtua da Malumfashi, da wuya ka ci karo da kwalekwalen da aka sassaƙa daga gungumen itace ɗaya. Na katako za ka fi tararwa, wanda kafinta ya haɗa da ƙusa, ya bi gaɓoɓinsa da kwalta. A manyan ruwaye kuwa an fara ganin wani fari ko shuɗi mai santsin jiki, jirgin faiba, wanda galibi hukuma ce ke kawowa. Babu wanda ya yi shelar tafiyar na sassaƙe. Ɗaya bayan ɗaya suka ruɓe, ba a maye gurbinsu ba, domin itatuwan da za a sassaƙa sababbi da su sun riga su tafiya.

Mu mutanen kudancin Katsina ba mutanen ruwa ba ne. Da auduga aka san mu, da masara da dawa da waken suya, da layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda. Amma ƙasarmu ce ke haifar ruwa. Gulbin Sakkwato daga kusa da Funtua yake tasowa, ya bi ta Gusau, ya cika Bakolori, ya haɗu da Rima, ya wuce Argungu da Birnin Kabi kafin ya faɗa Kwara. Ruwan da ya gangaro daga kunyar gonarmu shi ke ɗauke da jiragen wasu, mu kuwa ba ya zama da mu, wucewa yake yi. Sai a shekarun 1970 aka fara tare shi sosai. Shirin bunƙasa noma na Funtua, wanda aka buɗe a 1975 da kuɗin Bankin Duniya tare da na Gusau da na Gombe, ya bar ƙananan madatsun ƙasa a ƙauyuka, sannan aka gama babban dam na Zobe kusa da Dutsin-Ma a 1983. Da ruwa ya zauna, kifi ya zauna, sai masunta suka biyo shi. Wasu Sarkawa ne daga yamma, wajen Yawuri da Argungu, da tarunsu da mamarinsu da birginsu, da kuma wani irin zama a cikin jirgi da ba mu saba gani ba.

Kafin zuwansu, abin hawan masuncinmu gora ne. Ƙaton gora mai ƙaramin baki, mutum ya kwanta a kansa rub da ciki, yana iyo da hannu da ƙafa, in ya kama tarwaɗa ko karfasa ya jefa ta ciki. Ina iya tuna sautin kifin yana bugun cikin goran, wani dum-dum mai zurfi da ake ji tun daga gaɓa in gari ya yi tsit da sassafe.

Sassaƙar kwalekwale kuwa aikin rani ne. Na taɓa zama kusa da wani tsohon masassaƙi yana fafe gungumen madaci a gindin wata fadama. Ya fara daidaita bayan da gatari, sannan ya juya shi ya shiga ciki da gizago. Ɓarɓashin ja ne jawur, yana da wani ƙamshi mai ɗaci da ke maƙalewa a maƙogwaro, irin ɗacin saƙe-saƙin da iyayenmu ke jiƙa mana in ciki ya ɓaci. Ba shi da ma'auni ko ɗaya. In ya sassaƙa ya sassaƙa sai ya tsaya, ya ɗora tafin hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, ya lumshe ido yana jin kaurin da ya rage a tsakaninsu. Wani lokaci ya ƙwanƙwasa da ƙotar gizagon ya kasa kunne. Gefe yana ragewa har ya yi sirara, amma gindin sai ya bar shi da kauri. Da na tambaye shi dalili, bai ɗago ba ya ce, "Yaro, nauyin jirgi a ƙasa ake barinsa. In ka kai shi sama, ranar iska kai ne a ƙasa."

Wannan sana'a ta girmi duk wata sarauta da muka sani. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙasar Fune ta Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani itace a can ƙasa. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon sama da mita 8, wanda bincike ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Shi ne mafi tsufa da aka samu a Afirka, kuma daga dangin madaci aka sassaƙa shi. Abin da aka yi ta miƙa wa juna hannu da hannu tun wancan zamani, a idonmu ya yanke a yankinmu.

Masuntan da na sani ina yaro suna da dokoki da ba a rubuta ba. Ba a shiga jirgi a tsaye a yi ta waige-waige. Mai jirgi yakan sa yatsunsa a gefen jirgin ya auna tazarar da ta rage tsakanin ruwa da baki, in ta gaza abin da ransa ya kwanta da shi, ko surukinsa ne ya zo sai ya jira sawu na biyu. In hadari ya haɗo daga gabas, tun iskar farko mai sanyin nan ba ta iso ba an ja jirage gaɓa. Sannan akwai wadda suka fi nanatawa: "In ya kife da kai, kada ka sake shi." Dalilin a fili yake. Kwalekwalen itace ko ya cika da ruwa ba ya nutsewa ƙasa, yana nan yana lilo a saman ruwa, kuma wanda ya rungume shi ya fi wanda ya ce zai iyo zuwa gaɓa samun rai.

Duk da haka ba zan ce zamanin nan ya fi daɗi ta kowace fuska ba, domin na ga wahalarsa. Kwalekwalen sassaƙe yana da nauyin tsiya, yana da saurin mirginawa ga wanda bai saba ba, kuma da ya kwana biyu sai ya fara tsagewa. Kullum akwai yaro a tsakiya da ƙwarya yana kwarfar ruwa. Ana cusa auduga ko tsumma a tsagar, a narka kwalta a zuba, a buga ɓallen gwangwani a kai, bayan mako guda a sake. Kowane jirgi ɗaya kuma ran madaci ɗaya ne wanda ya shekara aru-aru yana girma. Ba masassaƙa kaɗai suka cinye dazukanmu ba, masu gawayi da masu injin yanka katako da faɗaɗar gonaki sun fi su ɓarna nesa ba kusa ba, amma ko da an bar musu dajin, yawan mutanen da ke bukatar tsallaka ruwa a yau ya fi ƙarfin gizago. Na katakon da ya gaje shi ya fi shi ɗaukar kaya, kuma a nan masifar take, domin mai jirgi yana ganin fili sai ya yi ta lodi. Ba a manta da abin da ya faru a dam ɗin Watari da ke Bagwai a Jihar Kano ba, a ƙarshen Nuwamban 2021, inda jirgi ya kife da mutanen da suka taso daga Badau, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. A watan Mayun wannan shekarar ma an yi wani mafi muni a Warra, cikin Jihar Kabi. Irin waɗannan ne suka sa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, take ta kiran a bar jiragen katako a koma na faiba.

To mene ne faibar nan? Zaren gilashi ne siriri da ake saƙawa kamar tabarma, a shimfiɗa shi cikin wani kwano mai siffar jirgi, a shafe shi da wani danƙon sinadari, a ƙara wani shimfiɗin a kai, a sake shafewa, har ya yi kaurin da ake so. In ya bushe sai ya zama abu ɗaya, babu gaɓa balle tsaga. A Amurka aka fara shi. Wani mai suna Ray Greene a garin Toledo ya gina jirgi da shi tun 1942, amma sai a 1959 abin ya karɓu, lokacin da kamfanin Pearson ya kai wani jirgi mai tafiya da iska, Triton, mai tsawon ƙafa 28, bajekolin jiragen ruwa na birnin New York. Carl Alberg ne ya zana shi. Daga nan malamin makaranta da ƙaramin ma'aikaci suka iya mallakar abin da a da sai attajiri, domin kwano ɗaya yana fitar da ɗaruruwan jirage. Magina na farko ba su gama sanin ƙarfin sabon abin ba, saboda haka suka riƙa zuba shi da kauri fiye da kima. Wannan tsoron nasu ne ya sa jiragen shekarun 1960 da 1970 suke kan ruwa har yau, alhali masu su na farko da yawa sun riga mu gidan gaskiya.

Na shiga ɗaya daga cikinsu lokacin da wani kwas ya kai ni kudancin Ingila. Wani dattijon Bature da muke aiki tare ya gayyace ni. Jirgin nasa samfurin Westerly Centaur ne, wanda kamfanin zane na Laurent Giles ya tsara, aka fara ƙera shi a 1969, kuma an yi fiye da 2,400 kafin a daina. Tsawonsa ƙafa 26, nauyinsa wajen tan 3. Mun iso ruwan teku ya janye, sai na gan shi zaune daram a kan taɓo, a miƙe, a kan wasu faffaɗan ƙafafu biyu na zubin ƙarfe da suka fito daga cikinsa suka ɗan buɗe. Nauyin ƙarfen nan kaɗai ya haura tan ɗaya. An yi shi haka ne don mutanen da ba su da kuɗin ajiye jirgi a tasha mai zurfi, sai a bakin ƙorama inda ruwa ke tafiya ya dawo sau biyu a yini. Cikinsa ɗaki ne sosai, dogon mutum yana tsayawa ba tare da sunkuyawa ba, ga gadaje, ga murhun gas da aka rataye yadda in jirgi ya karkata tukunya ba za ta zube ba. Warin da ke ciki na man dizal ne da danshi da tsohon danƙo. Na ƙwanƙwasa bangon da gaɓar yatsa, ya amsa da murya mai kauri, sai tsohon masassaƙin nan da ƙotar gizagonsa ya faɗo mini a rai.

Da ruwa ya dawo muka fita, ya kashe inji, ya ja igiya ƙyallayen kama iska suka hau dogon turken jirgin, babba a baya ƙarami a gaba. Iska ta cika su, jirgin ya kwanta gefe guda har ruwa ya kusa taɓa bakinsa. Na riƙe ƙarfe gam, ina salati. Sai na ji ya tsaya da karkatar, kamar wani ya riƙe shi daga ƙasa. Ƙarfen gindin ne: iska tana tura sama, nauyi yana ja daga ƙasa, kuma gwargwadon yadda jirgin ya kwanta gwargwadon yadda nauyin ke ƙara ƙarfin tayar da shi. Duk wanda ya taɓa ganin lodin mota a kasuwar Dandume ya san wannan lissafi, domin motar da aka shimfiɗa wa buhunan masara a ƙasa tana shan kwana lafiya, wadda aka tula wa auduga har sama kuwa ita ake tararwa a kwance a gefen titi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tafiya zuwa inda iska ke fitowa. A tunanina iska tura abu kawai take yi. Ashe in aka ɗaure ƙyallen ya yi ɗan ciki, iskar da ke bi ta bayansa tana jan sa gaba da gefe, ƙafafun ƙarfen kuma suna hana jirgin zamewa gefe, sai abin da ya rage ya zama tafiya gaba. Ba ya iya fuskantar iskar kai tsaye, sai dai ya yanke ta a karkace, ya yi nisa, a juya akalarsa, ƙyallayen su koma ɗaya gefen da ƙara, ya sake yankowa. Centaur ba gwani ba ne a wannan, mai shi ma ya faɗa. Ƙafafu biyun da suka ba shi zama a taɓo su ne ke rage masa kaifi, kuma in igiyar ruwa ta shiga tsakaninsu sai ka ji bugu har cikin ƙashinka. Gudunsa ma yana da iyaka, domin jirgi mai nauyi irin wannan ba ya iya haye igiyar da shi kansa ya tayar, kuma ga mai tsawonsa iyakar ba ta wuce kilomita 11 ko 12 a awa ba. Mai keke zai wuce shi. Amma yana yafe kuskure, kuma ga mutumin da ya ɗauko iyalinsa wannan ya fi gudu. Mun yini muna tafiya babu ƙarar inji, babu hayaƙi, sai shuuu ɗin ruwa a jikin jirgi da kukan igiya.

An gwada waɗannan jirage gwaji mai tsanani a watan Agustan 1979, a tseren Fastnet tsakanin Ingila da Ailan. Jirage 303 suka tashi, guguwa ta riske su a tsakiyar teku, 'yan tsere 15 suka rasu. A rukunin ƙananan jirage, ɗaya tak ya kai ƙarshe, mai suna Assent, samfurin Contessa 32 wanda David Sadler ya zana, siriri mai zurfin gindi, kusan rabin nauyinsa dalma ce a ƙasa. Sababbin jirage masu faɗi da rashin nauyi, waɗanda aka yi don gudu, su suka fi kifewa. Akwai kuma wani abu da binciken da aka yi daga baya ya fito da shi. Jirage 24 mutanensu suka gudu suka bari, amma 5 kacal suka nutse, sauran an same su suna yawo a kan ruwa bayan iska ta lafa, alhali wasu daga cikin waɗanda suka bar su suka shiga tantanin ceto na roba a can suka hallaka. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Masuncin Mairuwa da bai taɓa ganin teku ba ya riga ya san cewa abin kamawar shi ne jirgin da ka fito daga cikinsa.

Faibar da ta iso mana ba ta zo da duk wannan ba. Ƙoƙon ne kawai ya zo, da injin fetur maƙale a bayansa. Mun tashi daga filafili da gorar tuƙi muka faɗa kan inji, ba mu bi ta kan ƙyalle ba, alhali iska ba baƙuwarmu ba ce. Matan da ke shiƙar dawa a masussuka sun san lokacin da take tashi da lokacin da take kwanciya. Manomi ya san ta hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, wata da watanni ba fashi, ta damina kuma daga kudu maso yamma. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, masunci mai inji yana lissafin lita kafin ya lissafa kifi. Ban ce a kawo Centaur Mairuwa ba. Madatsunmu ƙanana ne, da rani suna ja da baya, ƙarƙashinsu cike da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, kuma iskar da ke gaban hadarinmu tana zuwa ne farat ɗaya, tana iya kifar da jirgi mai ƙyalle in matuƙin bai yi hanzarin saukewa ba. Ga rashin tsaron da ya sa wasu gaɓoɓin ruwan ma ba a kwana a cikinsu yanzu. Amma a faɗin Zobe, ko a tafkin Kainji da aka tare tun 1968, ƙaramin ƙyalle da allon da ake saukewa ta tsakiyar jirgi a ɗage shi in an zo tudu abu ne da ya cancanci a gwada da gaske, tare da masuntan da kansu.

Ita faibar ma tana da nata ciwon. Ba ta ruɓewa, gara ba ta cin ta, ba ta shan ruwa ta yi nauyi, mutum biyu suna iya jan ƙaramin jirginta gaɓa, kuma ba a sare itace ko ɗaya dominta ba. Wannan riba ce babba, ban raina ta ba. Amma in ta daɗe cikin ruwa, danshi yana ratsa fatarta ya taru ya yi ƙuraje masu ruwa mai warin tsami, sai an fafe an busar an sake shafewa. Ranarmu mai zafi tana cin fatar har ta koma gari a hannu. In ta daki kututture tsagewa take yi, kuma auduga da kwalta ba sa kama ta, sai da zaren gilashi da danƙonsa, waɗanda ba a sayar da su a kasuwar ƙauye. Mafi girma duka, faiba ta fi ruwa nauyi. In magini bai rufe wasu akwatunan iska ko soso mai tauri a ƙarƙashin kujeru da goshin jirgin ba, ranar da ya cika da ruwa ƙasa zai tafi da injinsa, ya bar mutane ba abin runguma. Wasiyyar dattawa ta kada a saki jirgi ba ta da amfani a kan jirgin da shi ke sakin mutum. Ko mutuwarta ma matsala ce. Tsohon kwalekwale yakan koma komin shayar da dabbobi, daga nan ya koma itacen girki. Na faiba ba ya komawa komai, har ta kai Faransa ta kafa tsari na musamman a 2019 don tattara tsofaffin jiragen shaƙatawa a farfasa su.

Saboda haka in hukuma ta kawo jirgin faiba bakin ruwanmu, ina so a tambayi mai kawowa, a gaban Sarkin Ruwa, ko an gwada cika shi da ruwa an ga ya tsaya a sama. A rubuta adadin mutanen da yake ɗauka a jikinsa da manyan lambobi, a ja layi a gefensa wanda in ruwa ya taɓa shi an gama lodi, tunda yatsun da ke auna wannan tazara sun yi ƙaranci. Jikokin masassaƙa kuma suna nan a Funtua da Bakori da Malumfashi da Ƙafur, wasu kafintoci ne, wasu suna gyaran bodin mota, hannunsu ya riga ya saba da siffa da kauri. Su ya kamata a fara koya wa haɗa danƙon da shimfiɗa zaren, a kuma bar musu kayan gyaran a garin da jirgin yake.